Bangon Yaya Tanko

Na je wani ƙauye gabas da Kiyawa, na gina bango, na kwana tara, na dawo. Ba wanda ya kira ni aikin. Wani mai gishiri ne ya gaya mini a kasuwa cewa Yaya Tanko ya daina fita, ya daina magana, abinci ma sai ya ga dama. Ni da Tanko tare mahara suka kama mu muna samari. A duwatsun kudu muka tsufa, muna gina wa iyayen gijinmu rumbuna. Da Turawa suka zo hanya ta buɗe, muka gudo. Ni na tarar da sauran dangi a Limawa. Shi kufai ya tarar.

Mun tashi da asuba, mu uku: ni, da ƙanen matata da ke kwaɓa mini ƙasa, da mai jaki. Muka ɗora fartanya biyu, da dabinon tsaraba, da makuba, wato garin ɓawon ɗorawa da ake shafe bango da shi don kada ruwa ya ci. Muka ratsa Takur ana fitowa daga masallaci. Bazara ce, tun kafin hantsi ƙasa ta fara cizon ƙafa.

Akwai sabuwar hanya da Bature ya sa aka share. Tana da faɗi, ta miƙe sambal, amma an sare duk itacen da ke bakinta. Jakin ya duba, ya ƙi. Mai shi ya doke shi, ya ƙi. Muka bi shi tsohuwar turba, ƙarƙashin tsamiya da ɗorawa, muka sha inuwa har azahar. Na ce wa mai jakin ya daina dukan wanda ya fi mu hankali.

A wata mararraba muka samu matan Fulani da fura da nono. Na miƙa wa ɗaya anini, ta juya shi, ta leƙa ta hujin, ta mayar mini, ta ce kuɗin wuri take so. 'Yar'uwarta ta karɓa da murna, wai za ta zura shi a kitso. Furar ta yi yaji yadda nake so.

Da la'asar muka shiga Kiyawa. Kasuwa gyaɗa ce ko'ina. Kowa na cewa jirgin ƙasa a Kano yana haɗiye ta, amma duk wanda na tambaya bai taɓa ganin jirgin ba. Gishiri ya yi tsada, ɗanwake da araha. Muka ci ɗanwake har mai jaki ya kasa sunkuyawa. A zauren wani maƙeri muka kwana.

Da hantsi washegari muka isa ƙauyen. Tun da hari ya ƙare mutane suka fito daga ganuwa, kowa ya kafa gida a gonarsa. Kafin ka gaida maƙwabci sai ka yi tafiya. Bukkar Tanko tana bakin hanyar rijiya, amma ya ja zana ya ba hanyar baya, ƙofarsa na kallon daji. Na same shi zaune, ya rame. Ya ce, "Ka zo." Na ce, "Na zo." Maganarmu ke nan ranar.

Da yamma na ga yadda ake yi. Ana kawo masa tuwo a sakaina, a ajiye gindin zana, a yi sallama, a wuce. Ba mugunta ba ce. Sun ce ya zauna cikin waɗanda ba sa salla, ya ci abin da suke ci, don haka ba mai sa hannu a akushinsa. Na je na gaida mai unguwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya ci ni ma na ci. Yunwa ce." Ya sunkuyar da kai, ya yi mini sannu da hanya.

Ban iya wa'azi ba. Ƙasa na sani. Na ce wa Tanko zan gina bango a bakin hanyar rijiya, da dakali a gindinsa.

Ya ce, "Malam magini, bango ba gida a bayansa?"

Na ce, "Da mutum a bayansa."

Muka haƙa, muka kwaɓa, muka buga tubali. Rana ta busar mana da shi nan da nan. Tanko na kallo. Ran kwana na uku ƙanen matata ya ɗora tubali a karkace. Tanko ya tashi, ya karɓe, ya gyara, ya koma ya zauna. Masu zuwa rijiya suka fara rage sauri idan sun zo daidai wurin.

Zanen bango da yatsa ake yi, a kan ɗanyen yaɓe. Kowane magini ya san ƙa'ida: ka yaɓa kamu biyu, ka zana, ka matsa gaba. A bazara kafin ka gama cin goro ƙasa ta ƙi yatsa. Ran kwana na bakwai na jira hantsi, lokacin da mata ke dawowa da tuluna, maza kuma na tsaye suna kallonmu don ba aikin gona. Na ce a yaɓe bangon duka, daga wannan kai zuwa wancan.

Ƙanen matata ya ce, "Yaya, lafiyarka kuwa? Zai bushe mana."

Na ce, "Yaɓa."

Da muka gama na juya na ɗaga murya. "Jama'a, ƙasa na bushewa. Mu uku ba za mu iya ba. Duk mai yatsa ya zo."

Ba wanda ya motsa. Mai unguwa ya ce ba su iya ba. Na nuna Tanko na ce, "Ni ma a wurinsa na koya. Ku tambaye shi."

Tanko na kallon ƙasa. Saman bangon ya fara fari. Nan tsoro ya kama ni. In bai tashi ba, na kunyata shi gaban gari, zai shige bukka, gawarsa ce za ta fito.

Sai wata tsohuwa ta sauke tulunta. Ta zo ta caka yatsa a yaɓen, ta ja wani layi kamar tafiyar maciji da ya sha duka.

"Ba haka ba!"

Tanko ne. Muryar ta fito a dushe, amma har rijiya an ji.

Tsohuwar ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Mai kunnen zomo, har yau ba ka daina gyara wa mutane aiki ba?"

Ya miƙe tsaye yana kallonta. Ya ce, "'Yar kawu, ke ce? Ashe tsufa bai gyara miki hannu ba."

"Kai ma bai rage maka kunne ba. Zo ka nuna mini, ƙasa na bushewa."

Taubashiyarsa ce, 'yar ƙanen uwarsa, da aure ya kawo ta ƙauyen. Tun ranar da ya dawo ta gane shi. Bai kira sunanta ba, ta zaci ya manta da ita. Shi kuma bai taɓa ɗaga ido ya dubi mai ajiye sakaina ba.

Daga nan wuri ya rikice. Tanko na bin bango yana ba da umarni: yatsa uku, ja ƙasa, juya, ɗaga. Maza suka naɗe hannun riga. Wani Bafulatani ya kifa bakin ƙoƙo ya jera da'ira. Mata suka kawo totuwar masara da matsefi, suka kama waƙar da suke yi wurin daɓe. Mai unguwa ya dage yana ƙulla dagi, gumi na zuba. Tanko ya tsaya bayansa ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai hanjin kaza ne." Aka yi dariya har wani ya zauna cikin kwaɓi. Mai unguwa ya ce a bar masa hanjinsa, ba mai taɓawa.

Mun gama ƙasa na gab da ƙin yatsa. Ban taɓa yin bango mai karkatattun layuka kamarsa ba. Da na ja baya na dube shi, sai na ji daɗi har wuya.

Aka kawo ruwa a ƙwarya ɗaya, kowa ya wanke hannu. Tsohuwar ta aiko da tuwon dawa da miyar kuka cikin babban akushi. Tanko ya ja gefe ya tsuguna, kamar yadda ya saba. Mai unguwa ya zauna a dakalin da bai gama bushewa ba, ya ce, "Malam Tanko, matso, tuwo na hucewa." Ya matso. Ya sa hannu. Ni akushin nake kallo, ba fuskoki ba. Ba wanda ya janye hannunsa. Da mai unguwa ya tashi, rigarsa ta bar shaida a dakalin. Ita ma aka ce a bar ta.

Bayan kwana biyu muka shafe bangon da makuba, muka ɗaure kaya. Na je sallama na tarar da Tanko a dakali da dattawa uku, ana gardamar wanda zanensa ya fi muni. Biyu sun riga sun roƙe shi ya zana musu rumbu. Ya ce, "Ka gaida gida," ya koma gardamarsa. Bai samu lokacin raka ni ba. Ban taɓa jin daɗin rashin rakiya irin wannan ba.

A dawowa hadarin farko ya tare mu bayan Kiyawa. Muka jiƙe sharkaf, ƙanen matata na waƙa, mai jaki na zagin jaki. Muka hango duwatsun Dutse da dabinai ana kiran la'asar.

Abin da na gani a tafiyar nan kaɗan ne. Mutanen nan ba ƙin juna suke ba, kowa jira yake wani ya fara. In ka ba hannuwansu aiki ɗaya, baki zai biyo baya.

Yanzu ina Limawa. A bayan unguwarmu akwai wata tsohuwa da 'ya'yanta suka tafi Kano dakon gyaɗa. Katangarta ta zube, ba mai shiga wurinta. Jiya na je na murza ƙasar ƙofar gidanta. Ƙasa ce mai kyau.