Fensirin Malam Habu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mijina, Malam Habu mai gyaran injin ban-ruwa, a ƙauyenmu da ke gabas da Zakirai. Allah Ya kai haske kabarinsa.

Ni ma'abociyar littattafan soyayya ce. Shi kuwa littafi ɗaya gare shi: kundin gyaran inji, mai ƙaurin baƙin mai. Da la'asar muna zama a tabarma ɗaya, kowa da nasa. Yakan ce, "Binta, jarumanki kuka kawai suka iya. Nawa jarumin kuwa, inji, in ya yi tari, albasar gida goma ce a bakin mutuwa." Bai taɓa rubuta mini wasiƙa ba. Duk rubutunsa a gefen shafukan kundin nan ya ƙare, da fensir, rabi boko rabi ajami: abin da yashin fadamarmu ke yi wa inji, da inda littafin ya yi kuskure.

Shekara biyu da rasuwarsa, masu sayar da injinan suka aiko. Za su ɗora littattafan gyara a intanet, mai aiki a gona ya duba a waya, ɗalibi ma ya koya a aji, kuma sun ji labarin kundin Malam Habu. Zuciyata ta yi fari. Na ga sunansa yana yawo a duniya. Sai na ji kunyar mutanen birni su ga jagwalgwalonsa. Na sayi kilina, na kwana uku ina goge shafi bayan shafi, na turara kundin, na naɗe shi a sabon ɗankwali.

Mutumin da aka aiko ya buɗe, ya yi ta juya shafi. Can ya ce, "Hajiya, irin wannan muna da shi a ofis. Rubutunsa muka zo nema."

Garin gyaran gira na rasa ido.

Yau littafin nasu yana intanet, tsaf da shi, babu rubutun Malam. An ce ɗalibai suna cin jarrabawa da shi. Amma Sale, ƙanin marigayin da ya gaji aikin, sai ya hau tudu yana ɗaga waya sama kafin ya sami sabis, in kuma shafin ya buɗe, bai san yashinmu ba. Ranin bana inji ya yi ta mutuwa a hannunsa, albasa ta bushe a kwami. Ya zo ya durƙusa a zaure ya ce, "Yaya Binta, ko layi ɗaya ba ki tuna ba?" Na haddace kalaman masoya masu yawa, amma nasa ko ɗaya.

Da Malam zai leƙo, ban ce zai yi faɗa ba. Ina jin fensir zai nema, ya sake daga shafin farko. Mu ne ba mu da abin rubutawa.

Me ya rage? Kundin yana cikin adakata. Malam yana danna fensir da ƙarfi, don haka sawun rubutun yana nan a jikin takarda. Nakan karkata shafin ga rana, in bi shi da yatsa. Yatsana yana jin sa, idona ya kasa karantawa.