Amanar da Takarda Ta Ƙi Karɓa

Da aka sassauta kullen korona, na mayar da 'yata gidan rainon yara da ke unguwar Selly Oak, a nan ƙasar Turawa, don karatuna ya tsaya cik. A bakin ƙofa aka tare ni da fom, aka miƙo biro daga nesa. Abin da ke ciki shi ne, in yarinya ta kwaso cutar a wurinsu, ba ruwansu.

Raina ya ɓaci. A Kano in ka kai ɗa gidan maƙwabciya, "ga amana" kake cewa, ta ce Allah Ya ba ta ikon riƙewa. Nan kuwa tun ban juya ba an fara zillewa. Na sa hannu har biron ya huda takardar.

Da la'asar na koma ɗaukarta. Iyaye ba sa shiga, sai na leƙa ta taga. Ga mai rainon, wata dattijuwar Baturiya da ta taɓa gaya mini tana fama da asma, zaune a ƙasa. 'Yata ta sha kuka ta yi barci a ƙirjinta, majina da yawu sun jiƙe mata wuyan riga. Ko kau da fuska matar ba ta yi ba, sai bubbuga bayan yarinyar take yi a hankali. A lokacin nan ko gaisuwa daga nesa maƙwabta ke yi mana.

Amanar da takarda ta ƙi karɓa, ga ta a ƙirjin baiwar Allahn nan. Ni kuwa ba wanda ya sa na rubuta cewa in 'yata ce ta kai mata cutar, da ruwana.