Naƙudar Yaya a Ɗakin Takaba

Shekarun baya kaɗan, ina aji uku a sakandaren 'yan mata, na dawo hutun ƙarshen shekara gidanmu a Malumfashi. Ko akwatina ban gama kwancewa ba Inna ta ce in shirya in tafi wajen Yaya. Yaya ita ce babbarmu, tana aure a wani ƙauye bayan Ƙarfi. Maciji ya sari mijinta a gona lokacin girbin dawa, ya rasu ya bar ta da tsohon ciki, na fari kuwa. Ita Inna ciwon gwiwa ya zaunar da ita, shi ya sa ta tura ni in zauna da Yaya har ta sauka.

Na tarar da ita a ɗakin takaba. Ta rame, kai ba kitso, ƙafafu sun kumbura. Ga wata 'yar wuƙa da aka ce kada ta rabu da ita ko bayan gida za ta. Wanka sai ranar Juma'a. Na tambayi surukarta, wadda muke kira Gwaggo, wa ya tsara wannan duka. Ta ce Malam.

Malam ƙanen mahaifin marigayin ne, shi ke jan salla a ƙauyen. Kowace tambaya zaurensa ake kai ta, tun daga rabon gado har ranar da ya dace a sa wa ɗaki rufi. Duk zamana a garin ban taɓa jin ya ce "ban sani ba" ko "a ganina" ba. Amsarsa ɗaya take farawa: "Allah ya ce."

Naƙuda ta kama Yaya da yamma. Gari ya waye, hantsi ya yi, shiru. Ungozoma ta ba ta jiƙo, an kawo rubutu ta sha, har muryarta ta dishe don nishi. Can sai tsohuwar ta fito tana goge hannu da bakin zane, ta ja Gwaggo gefe.

"Ɗan nan a gicciye yake. Na karɓi haihuwar rabin garin nan, amma wannan ba ta hannuna ba ce. Ku kai ta asibiti."

Lokacin kasuwar auduga ne, akwai mota a bakin hanya tana lodi za ta Funtua. Direban Kirista ne, ɗan ƙauyen, tare suka tashi da marigayin. Da na je da gudu na gaya masa, bai ko tsaya tunani ba.

"Ku fito da ita. Sai in sauke buhuna in shimfiɗa mata wuri."

Na dawo na tarar Gwaggo ta ɗaure 'yan tsummoki a ƙunshi, ta yafa gyale. Mun kai bakin ƙofa ke nan ta tsaya ta ce, "Bari dai a gaya wa Malam." Har yau ban manta wannan tsayawar ba.

Yana zaune kan buzu, mutane sun kewaye shi. Gwaggo ta durƙusa daga nesa ta yi bayani. Bai bari ta kai ƙarshe ba.

"Mai takaba ba ta tsallake ƙofar gida. Allah ya ce. In ta fita takabarta ta ɓaci, shi kuma mamacin a ƙabarinsa zai ji a jikinsa."

Ina kallon Gwaggo ƙunshin ya zame daga hannunta. Ɗanta ne fa a ƙabarin, ko wata uku bai yi ba. Ta ce, "Wayyo ɗana," ta juya za ta koma ciki.

Ban san lokacin da na durƙusa ba. "Allah gafarta Malam, a wace sura ce?"

Malam ya dubi na kusa da shi, ba ni ba.

"Wa ke magana? Au, 'yar bokon ce? Abin da ake koya muku ke nan, ku titsiye malamai? Ke, izu nawa kika kai?"

Gaskiya izuna bai taka kara ya karya ba. Na faɗa, aka kwashe da dariya. Ni da ake tsoro a makaranta ranar muhawara, ni da nake ganin darasin kiwon lafiya ya kusa mai da ni likita, sai ga ni ina kuka da majina gaban maza, na kasa haɗa kalma biyu.

Direban ya jira har azahar. Ya zo ƙofar gida yana murza hula a hannu. "Ni ba zan sa baki a maganar addininku ba, 'yan mata, amma matar abokina ce. Dole in kai kayan nan. Zan dawo lodi na biyu, ki yi duk yadda za ki yi."

Ungozoma ce ta raɗa mini. "Kukanki ba zai buɗe ƙofar nan ba. Je ki Ƙarfi wajen tsohon liman. A gabansa wannan ya yi karatu."

Na yanki gonakin auduga da gudu, takalmin makaranta a hannu. Na sami tsohon yana alwala a ƙofar gidansa. Na zube ina haki, na faɗi abin da bakina ya iya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce:

"Tsaya in rabe miki, 'yata, don kada ki ɗauki maganata ki sa ta inda ba wurinta ba. Abin da ke cikin Alƙur'ani, wadda mijinta ya rasu ta jira wata huɗu da kwana goma, mai ciki kuma har ta haihu. Wuƙa da wankan Juma'a ban gan su a ciki ba. Abin da na karanta wajen malamaina, mai takaba tana fita in lalura ta kama. Sai kuma nawa, wanda ba aya ba ne, maganar tsoho ce kawai: ku yi sauri. Kamo mini jakin can."

Da muka isa, Malam ya miƙe tsaye yana ta "Sannu da zuwa, Allah gafarta." Tsohon ko zama bai yi ba.

"Ɗauko Alƙur'ani ka nuna mini inda aka ce mamaci na shan azaba don matarsa ta je neman magani."

Malam ya yi 'yan tari, ya gyara rawani. "To, ai haka muka tashi muka ji ana faɗa."

"Sai ka ce haka ka ji. Me ya kai ka jingina wa Allah?" Ya ɗaga murya yadda Gwaggo za ta ji daga bayan zana. "Baiwar Allah, fito da yarinyar nan. Ba abin da zai taɓa ɗanki."

Bayan la'asar motar ta dawo. Aka kwantar da Yaya tsakanin buhuna, kanta a cinyata, ba ta ma nishin kuma. A Funtua suka duba ta suka ce a wuce Zariya. Can aka yi mata aiki aka ciro ɗan, namiji, ba rai. Ita ta rayu. Amma daɗewar da kan ɗan ya yi a wurin ta yi mata rauni, tun daga ranar fitsari ba ya tsaya mata.

Da aka dawo da ita gida Malumfashi, mutanen ƙauyen suka zo jaje, har da Malam. Ina kawo musu ruwa a zaure na ji shi da kunnena yana gaya wa kawunmu:

"Ai ni shawara kawai na bayar, ban ɗaure ƙafar kowa ba. Kwanan yaron ne ya ƙare."

Shawara! Na dire kwanon ruwan na fice. Da a safiyar nan ya ce, "Ni dai a ganina kada ta fita," wallahi Gwaggo da ta ba shi haƙuri ta wuce. Ta sha ƙin bin ganinsa a kan gona da auren jikoki. Abin da ba za ta iya tsallakewa ba shi ne "Allah ya ce," kuma ya san haka, shi ya sa ya faɗa. Da safe maganar Allah ce, da aka rasa rai ta koma shawararsa. Na yarda kwana na Allah ne. Amma ƙaryar tasa ce, kuma ban yafe ba. Inna tana cewa in daina faɗin haka, ba kyau a bakin ɗiya mace. Ina yin shiru don ita, a raina kuwa yana nan.

Yanzu ina koyarwa a firamare. In yarinya ta tambaye ni abin da ya shafi addini, sai in auna maganata tukuna. In na san wurin da yake a littafi in faɗi wurin. In tunanina ne in ce tunanina ne. Sau da yawa cewa nake ban sani ba, su yi ta mamakin malama guda ba ta sani ba.

Yaya tana ɗakin Inna har yanzu. Ba ta zuwa biki, ba ta zuwa suna, kullum cikin wankin tsumma. Sai da aka daɗe na lura ba ta salla. Na matsa mata, ta ce wasu mata sun gaya mata mai irin lalurarta ba ta da tsarki, sallarta ba ta karɓuwa. Sannan ta ce, "Ki koma wajen tsohon nan ki tambayo mini. Amma kada ya faɗa miki da ka. Ki ce ya buɗe ya nuna miki."

Na je. Ya ɗauko littafin fiƙihunsa, ya bi layin da yatsa, ya karanta ya fassara mini: wanda fitsari ke zubar masa ba da ikonsa ba, ya yi alwala ya yi sallarsa, ta yi. Na dawo na gaya mata. Ta ce, "Da idonki kika gani?" Na ce da idona. Ta dafa bango ta tashi, ta ce in miƙo mata buta.