Muryar da Na Goge Saboda Tseren Mota

Kafin a san ni da sata, mai cajin waya ne ni a kasuwar Mai'adua. Ina da rumfata da ɗan janaretona. Mutum ya kawo waya, in manna mata lamba, in miƙa masa kati. Babu wanda ya taɓa kuka da ni.

Wasan tseren mota ne ya shigo mini. Abokina ya tura mini shi: ka zaɓi mota, ka kutsa titunan wani birni kana shan kwana, 'yan sanda na biye da kai. Na sa wa kaina suna Ba Birki a cikin wasan, har 'yan kasuwa suka kama kira na da shi. Sai dai wayata ta tsufa, ana tsakiyar tsere take sandarewa. Sai na fara ɗaukar wayoyin da aka kawo caji, waɗanda ba a kulle ba, ina buga zagaye ɗaya kafin masu su su dawo. Ina ce wa kaina ai aro ne.

Wata rana wani baƙo ya manta da tasa har kasuwa ta tashi. Da ya dawo bayan mako, na kalli tsabar idonsa na ce ban san zancen ba. Daga nan hannuna ya saba. Ranar kasuwa sai in shiga kara, inda hankalin kowa ke kan shanu, in zare waya daga aljihu. Kowacce sai na yi kwana biyu ina tsere a kanta, na kafa sunana a saman jerin gwanaye, sannan in kai ta Kongolam, can bakin iyaka, in sayar.

Wayar Malam Idi, wani dillalin shanu daga Sandamu, ta fi duka kyau. Da na zo sa wasan, sai ta nuna babu wuri. Na duba na ga saƙonnin murya birjik, duk na wata tsohuwa. Ko ɗaya ban saurara har ƙarshe ba, na goge su gaba ɗaya.

Son a sani ne ya tona mini asiri. Aka kama wayar a hannun wanda na sayar wa, aka buɗe wasan, ga Ba Birki a sama. Ko mai goron bakin kasuwa ya san mai sunan.

A ofishin 'yan sanda Malam Idi ya riƙe wayar yana ta dubawa. Ya ce, "Kai ɗan nan, ina muryar Inna?" Ya ƙara da cewa, "Wata huɗu ke nan da rasuwarta. Kullum kafin in fita sai na ji tana ce mini Allah ya tsare hanya." Wallahi na gwammace ya mare ni.

Shekara ɗaya da rabi na yi a gidan yari, kuma na gode Allah da aka kama ni tun ban yi nisa ba. A can na koyi ɗinki. Mahaifiyata ba ta gaji da kawo mini dambu ba. Duk sanda ta ce "Allah ya shirya mini kai," sai in tuna abin da na raba wani da shi.

Da aka sake ni, Sandamu na fara zuwa. Na durƙusa a zauren Malam Idi, bakina ya kasa komai sai kuka. Ya dube ni ya ce, "Na yafe maka. Mahaifiyarka na raye?" Na ce tana raye. Ya ce, "To tashi ka tafi gida, ka ji muryarta tun tana nan." Har in mutu ba zan gama gode wa bawan Allahn nan ba.

'Yan'uwana matasa, ku yi wasanku, amma a wayarku. Kada ka taɓa abin wani da sunan aro, don ba ka san me ya ajiye a ciki ba. Yau ina ɗinki a Daura, ƙaramar waya gare ni, babu mota ko ɗaya a cikinta. Addu'o'in mahaifiyata ne suka cika ta.