Mama Ba 'Yar Rasha Ba Ce

Wata Asabar a ƙarshen Nuwamban 2004, ina da shekara goma, ina tsugune bakin famfo ina wanke kwanukan karin kumallo, sai Mama ta fito daga ɗaki idanunta jajur, ta ce in tsame hannuna in je Hayin Banki in sayo mata ƙyalle yadi ɗaya, launin lemo. Na ruga na zaɓo kore shar, don ni duk lemon da na sani a farantin masu talla kore ne. Mama ta juya ƙyallen tana harara ta, har sai da Baba ya ajiye rediyonsa yana dariya ya ce, "Ruwan goro take nufi, Nadiya. A garinsu lemo ba kore ba ne." Na koma ina ƙunƙuni. Da la'asar ta ɗaure sabon ƙyallen a jikin gwaibar tsakar gidanmu.

Baba ya je karatun injiniya ne a Tarayyar Sobiyet, ya dawo da takardar shaida da mata, ya kama aikin gwamnati, suka zauna a Unguwar Kanawa. Mama 'yar Yukren ce, amma a unguwarmu duk wanda ya fito daga can ɗan Rasha ne, sai ta zama Maman Rasha, ni kuma 'Yar Rasha, a aji, a islamiyya, har wurin 'yar gala-gala. Ta koyi tuƙa tuwo da ɗaura zane da zuwa gaisuwar rasuwa, ba ta kuma daina jiƙa kabeji da gishiri a kwalabe ba, abin da ke sa ƙawayena toshe hanci. Shekara da shekaru tana amsa sunan nan ba ta gyara wa kowa ba.

A makon nan aka yi zaɓe a ƙasarsu, aka ba wanda mahukuntan Rasha ke goya wa baya nasara. Jama'a suka ce maguɗi ne, suka cika dandali cikin ƙanƙara da ƙyallaye ruwan goro, suka ce ba inda za su sai an sake. Ƙanen Mama yana cikinsu. Ana cikin haka Hajiya Ladi, maƙwabciyarmu kuma aminiyar Mama, ta shigo aron rariya, ta ji labari ta ce, "Maman Rasha, wai meye na tada hankali? Ku da Rasha ai duk ɗaya ne, maƙwabta ne fa." Mama ta miƙa mata rariyar ta ce, "Hajiya, shekara goma sha biyu katangarmu ɗaya da ke. Kin taɓa leƙowa kin zaɓa mini miyar da zan yi? Daga yau duk wanda ya ce Maman Rasha, ya je ya nemi mai sunan."

Ta kuwa tsaya a kan bakanta. A wani gidan suna aka kira ta Maman Rasha sau uku, ta ci gaba da yankan albasarta. Matan unguwa suka ce girman kan Turawa ya motsa, Hajiya Ladi ta ɗauke ƙafa, Baba ya yi lallashi har ya gaji. Na sha ganin Mama tana kallon ƙofar gida, don ba ta da uwa ko 'yar'uwa a Kaduna sai matan da take ƙin amsa wa. Ni ma na ɗauka da zafi, na shaƙe wata Rabi da ta kira ni 'Yar Rasha a filin makaranta, na sha bulala shida, kuma har yau ban yi nadama ba. Kotun ƙasarsu ta soke zaɓen, aka sake shi, gidanmu dai shiru. Sai wata safiya ina shara na ji murya daga zaure, "Salamu alaikum, Maman... Yukuren tana ciki?" Mama ta goge hannu a zane ta ce, "Tana ciki, Hajiya, shigo."

Yau babu mai tambayata ina ne Yukren. Mai shayi ya sani, mai Keke ya sani, yaƙi ya koya wa kowa. Hajiya Ladi ta rasu, Mama ta tsufa, gidan da aka haife ta ya zama kango, kullum tana riƙe da waya tana jiran ƙanenta ya ɗauka. Ina kewar lokacin da faɗan duka bai wuce bakin zaurenmu ba. Sunan da ta ƙwata da gabar wata guda, can har yanzu da jini ake riƙe da shi.