Jar Mota ta Biyu

Ranar da na fara ganin tseren motoci a tele, wato talabijin, mota na gani a sama. Wallahi a sama, cikinta na kallon rana. Ta taka tayar ta gabanta ne a kwana, ta tashi, ta juya, ta faɗo, ta yi ta mirgina tana zubar da ƙarafa har ta daki tarin tayoyin da aka jera a bakin hanya. Wuta ta kama gindinta. Na ce innalillahi, wannan ya tafi. Sai ga mutum ya fito daga ciki da ƙafarsa, ya yi jifa da sitiyari, ya nufi direban da suka yi karon da gudu zai shaƙe shi, ana rirriƙe shi. Ni kuwa ina tsaye a ƙofar ɗaki da baƙin mai har gwiwar hannu, na manta ruwan alwala na zo ɗiba. Tun daga nan na kamu.

A Sabha ne, shekarun da rediyo ke ta faɗin ƙofar Libiya a buɗe take ga duk ɗan Afirka. Taswirar Afirka a kowane allo na bakin titi, amma in shurɗa, 'yan sandansu, suka tare ka ba taswira suke tambaya ba, takarda suke tambaya. Ni da yayana muka zo daga ƙasar Damagaram. Shi magini ne, hannunsa na da kyau, har wani Balarabe ya damƙa masa ginin bene a unguwar Abdulkafi, shi ke ɗibar leburori. Ni faci nake yi a wata rumfar taya a hanyar Tamanhint. Gidan da muke kwana cike yake da mu 'yan ci-rani, wasu na zaune, wasu na jiran motar arewa. Wani dattijo Ba'adare ke riƙe da gidan, kowa Baba yake ce masa. Dokarsa ɗaya ce, yana faɗa wa duk baƙon da ya ajiye jaka: ku yi zagi, ku yi gardama, amma wanda ya fitar wa ɗan'uwansa jini, ranar zai bar gidan. Jini na jawo ihu, ihu na jawo maƙwabta, su kuma su kira shurɗa, kuma in sun zo ba mai laifi kaɗai suke kwasa ba.

Telen, Balaraben Yaya ne ya yar da ita. Parabol ɗin kuma, farantin kamo tashoshi, ni na hau rufi na yi ta juya shi har na kamo tashar Turawan da ke nuna tseren. Ko kalma ɗaya ta mai sharhin ba na ji, da ido na koya. Ku tsaya ku ji, don abin ba gudu ba ne kawai! Motocin kujera ɗaya gare su, tayoyi a waje, sun lafe a ƙasa kamar ƙadangare. Kowane kamfani motoci biyu yake kawowa, launi ɗaya. Ana yin tseren ƙasa-ƙasa, ana tara maki, wanda ya fi a ƙarshen shekara shi ne zakaran duniya. In an ɗaga tuta rawaya wani ya yi karo a gaba, in an ɗaga ja abin ya yi muni. Sannan canjin taya, wayyo Allah! Ni da nake zufa ina hawa kan sifana da ƙafa kafin noti guda ya motsa, su kafin ka gama bismilla sun cire huɗu sun sa huɗu, mota ta yi gaba. Akwai wani Balarabe mai kawo mana faci da ke sayen jaridar wasanni, in na ga hoton mota sai in manne masa har ya gaya mini abin da aka rubuta: wane direba ya zagi wane, wa za a kora, wa ya karye. Da yamma in kawo labarin gida da zafinsa. Ko jirgin yaƙi ya tashi daga Tamanhint ya tsaga sama, ni mota nake ji.

Shekarar nan jajayen motoci da masu ruwan azurfa ke riƙe da wuyan juna, gidanmu ma ya rabu biyu. Ni da Yaya jajaye muke so. Yaya don babban direbansu ne, wanda ba shi da imani, in ka zo wuce shi sai ya matse ka da bango. Shugaban 'yan azurfa kuwa wani dogon Bakano ne da ke kwaɓa wa Yaya siminti, bakinsa kamar reza.

"Badamagare," in ji shi, "direban nan naka fa ba tuƙi ya iya ba, dambe ya iya."

"Rufe mana baki, bawana," in ji Yaya. "Kakanninku gudu suka iya, shi ya sa kake son masu gudu."

Sai a kwashe da dariya. Tsakanin Damagarawa da Kanawa wasa ne tun kaka da kakanni. Duk abin da ya gaya maka ka rama da baki, ba a fushi. Wanda ya yi fushi shi ya ji kunya.

Wata Lahadi bayan azahar, zafi ya kori kowa daga aiki, ɗakin ya cika har ƙofa, ana dafa shayi a kan gawayi. An tashi tseren da karo. Motoci suka haɗe a kwanar farko, taya ta tsinke ta yi sama, babban direban azurfa ya faɗa cikin tsakuwa. Bakano ya dafe kai. Daga nan ƙaramin direban jajaye, na biyun, wanda ba a cika kula shi ba, ya kama gaba. Ranar ya yi tuƙi, jama'a! Ba ya taɓa birki sai ya shiga bakin kwana. Babban nasu na binsa, ya kasa ko shinshina ƙurarsa. Ina ta faɗa musu, ku duba hannunsa, ku duba yadda yake yanka kwanar nan. Zagaye na ƙarshe, ga mai tuta ya ɗaga hannu, ga layi, sai na ga ya sassauta. Ya koma gefe. Babban ya wuce shi ya ci.

Na miƙe ina ihu. "Umarni ne! A kunne suka gaya masa, akwai rediyo cikin hular! Sun ce ya bar wa babba maki!" Mutanen cikin telen ma ihu suke, suna nuna babban yatsa ƙasa.

"Sadaka!" in ji Bakano, yana tafi. "Zakaranku sadaka aka ba shi! Haka kuke ku Damagarawa, ƙarami ya yi aiki babba ya sha kirari."

"Ci ci ne," in ji Yaya.

"To ai kai ka san sunkuyar da kai, maigida. Ran da Balarabe ya wanka maka mari a kan katangar nan, ba haka ka koma gefe ba?"

A makon aka yi marin, gaban leburori, kuma ba wanda ya ƙara tada zancen. Wani daga ɓangarenmu ya jefi Bakano da takalmi, ya samu wani daban. Wancan ya rama da kofin shayi. Aka ture buta a kan gawayi, tafasasshen ruwa ya zuba a ƙafar wani, ya yi ƙara ya kai wa na kusa da shi naushi. Kan ka ce me ɗakin ya hargitse, ana shaƙe juna, ana tattaka tabarmi, riga na yagewa. Bakano ya juya ya rungume telen kada ta faɗi, yana dariya har lokacin. Sifanar tayata na jingine a lungu, na zo da ita daga rumfa. Na ga Yaya ya ɗauke ta. Na ga ta sauka a ƙeyar Bakano. Ƙarar kamar an fasa ƙwarya.

Jini ya yi tsartuwa har kan gilashin telen. Ya durƙusa, ya buɗe baki zai yi ihu, wani ya cusa masa rawani. Wani ya ƙure ƙarar telen don maƙwabta, sai ga kiɗan Turawa ya cika gidan, direbobi na fesa wa juna kwalba, mu kuma muna danne mutum a ƙasa. Gidan likita ba ya zuwuwa, can ma takarda za a tambaya. Wani wanzami da ke gidan ya aske wurin, ya wanke da ruwan gishiri, ya ɗinke da allura da zaren ɗinkin buhu. Ƙafafun Bakano na dukan ƙasa, ni na riƙe ɗaya.

Ana cikin haka Yaya ya ja ni bayan makewayi.

"Ka ce kai ne."

"Yaya?"

"Sifanarka ce. In Baba ya kore ni ba gidan da zai karɓe ni a Sabha, ginin Abdulkafi ya tafi. Inna da yarana ƙasa za su ci? Kai yaro ne, ko'ina ka kwana."

"Yaya, saura rabin shekara a gama gasar."

Abin da ya fito daga bakina ke nan, wallahi. Ya kalle ni kamar zai haɗiye ni.

Baba ya dawo daga masallaci ya tsaya a tsakar gida, ya dubi jinin, ya ce wa ya yi. Na matso gaba. Na ce ni ne. Ban rufe baki ba Yaya ya ɗauke ni da mari, na faɗi, ya bi ni da ƙafa, a ciki, a haƙarƙari, yana cewa ɗan banza, ka kunyata ni, abokin wasa ake duka? Ya haɗa fuskata da bakin randa, haƙorina na gaba ya gutsure, leɓena ya tsage. Na tofar da jini gaban Baba. Na ɗaga kai ina jira ya ce ga wani jinin kuma. Ya kau da kai, ya ce in ɗauki jakata kafin magariba.

Baban ne ya samo mini aiki a wata gonar dabino a Zighan. Ba tele, ba jarida, sai injin ban ruwa da ƙayar dabino da ke shiga tafin hannu ta karye a ciki. Ran Lahadi in azahar ta yi sai in zauna gindin bishiya in zana hanya a rairayi, in jera ƙwallon dabino, in yi ta tura su ina yi musu ƙara da baki. Sauran ma'aikatan suka ce dukan ya taɓa mini kai. Ban san wa ke gaba ba, ban san wa ya yi karo ba. Wannan ya fi haƙorin ciwo.

Da dabino ya nuna, motar ɗaukar kaya ta zo daga Sabha. Sai ga dogon mutum ya diro daga baya, ƙeyarsa da tabo kamar an ɗinke ƙwallo.

"Kai, ɗan Damagaram mai wawulo! Haka ka rame?"

Na rasa inda zan sa idona. Na fara cewa ya yafe mini.

"Yafe me? Telen nake rungume da ita, yaro. A gilashi na ga fuskar yayanka sarai."

"To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗa in kwaɓa wa wa siminti? Rabin gidan a gininsa muke ci. Kana zaton Baba bai sani ba? Kowa ya sani."

Na zauna a kan buhu. Can na ce, to wa ke gaba?

Ya fashe da dariya har yana dafe tabon. "Wa ya sani? Kana tafiya iska ta juya parabol ɗinka. Duk wanda ya hau sai ya kamo masu wa'azi ko masu rawa. Mun ji dai an ce saura tsere ɗaya. Baba ya ce horon ya isa, ka hau mota."

Na so in ce ba ni zuwa. Na hau.

Ban gaida kowa ba, rufi na wuce. Na kwance notin, na fara juya farantin a hankali. Dole wani ya tsaya gaban telen yana faɗa maka, sai na ji murya daga ƙasa.

"Babu. Babu. Ya zo! Ya tafi. Koma hagu kaɗan, ƙanena."

Yaya ne. Na koma hagu. Na ji ƙarar injin ta taso daga ɗakin, gidan ya ɗauki kabbara. Na ɗaure notin tam, na daɗe a sama kafin in sauko.

Ran tseren Yaya ya matsa ya bar mini wuri kusa da shi, ya ajiye mini kofin shayi. Na wuce na zauna gefen Bakano. Babban direban jajaye ne ya zama zakara, maki sun riga sun ishe shi, Yaya ya yi ta tsalle yana neman idona. Ban ga yadda ya tsallake layin ba. Ina neman jar mota ta biyu ne, tana can tsakiya tana kokawa da wata azurfa, taya na gugar taya, hayaƙi na tashi. Ta matse ta a kwanar ƙarshe ta wuce. Ni kaɗai na yi ihu a ɗakin, har iska na fita ta wawulona.