Sista Mai Ajiye Muryoyi

Kafin likita ya iso, Sista ta riga ta lulluɓe hannayen injin tiyata da leda mai tsabta, ta gwada kyamara, ta jera kayan aiki. Injin nan ta baki yake shiga ya yanko ciwon dajin maƙogwaro, ba sai an tsaga wuya ba. Likita can gefe yake zama, ya kifa fuska a na'ura yana sarrafa shi. In an dace, shi da injin ake yabo. Wadda ta wuni tsaye dab da kan majiyyaci tana zuƙe jini da bututu, ko sunanta ba a tambaya. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, ni kuwa na ƙi yin shiru.

Tana da wata ɗabi'a da ba a makaranta ta koya ba. Kafin a shiga da mutum, sai ta karɓi wayar iyalinsa ta ɗauki muryarsa. Ko da injin, ba kowa ke fitowa da muryar da ya shiga da ita ba.

Matar wani tela ta ba ni labarin ranar aikin mijinta. Da aka kunna wayar, ya gyara zama zai fara wasiyya, Sista ta katse shi.

"A'a, Malam, ba wannan ba. Yi mata faɗan da ka saba yi a gida."

Ya ɗaure fuska ya ce, "Wai wa ya ɗauke mini almakashi ne?"

Har shi sai da ya yi dariya. Ya warke, amma muryar ta dishe ke nan. Matar ta ce har yau in ya tafi shago takan kunna faɗan nan ta saurara.

Na tambayi Sista dalili. Ashe mahaifinta ma cutar ce ta kama shi, tun injin bai zo ba. Aka cire masa maƙogwaro, ya rayu shekaru yana kiranta da buga cokali a kofi.

"Ƙarar cokalin tana kunnena," in ji ta. "Amma yadda Baba ke kiran sunana, na nema na rasa. Da zan ji ko sau ɗaya ne..."

Sista, ke ce kika rage wa gidajen wasu wannan kewa, alhali taki ba ta da magani. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya jiƙan Baba. Ku da za ku gaje ta, kada ku tsaya a koyon inji kawai. Mu kuma da iyayenmu ke iya kiranmu, mu riƙa amsawa da sauri.